Gidajen Yari Uku da Na Ga Obi a Ciki

Mun isa Duwala, babban garin bakin teku na ƙasar Kamaru, da farkon daminar 1988, ni da Obi. Gabon muka nufa, inda aka ce mana kamfanonin katako suna neman masu gyaran inji. Ba mu taɓa ganin Gabon ba har yau.

Obi abokina ne tun muna yara a Kafanchan. Cikakken sunansa Obinna, Ibo ne, amma a kwatas ɗin reluwe aka haife shi, Hausa ta fi Ibo yawa a bakinsa. Babansa direban jirgin ƙasa ne, ya rasu tun muna makaranta. Mamansa tana sayar da shinkafa da miya a bakin tasha. Ni kuwa sunana Ishaya, mutanenmu manoma ne a Godogodo. Tare muka koyi aiki a loko, inda ake gyaran kawunan jirgi, tare kuma aka sallame mu da reluwe ta fara mutuwa. Ga shi rikicin da aka yi a garin ya bar kowa yana kallon maƙwabcinsa da gefen ido. Ina so a san irin mutumin da Obi yake kafin mu bar gida. Ɗan kwaya ne, wato mawaƙan coci, kuma in za a yanka kaza a gidansu fita yake yi har sai an gama.

Mutumin da ya yi alkawarin sa mu a kwalekwalen Gabon ya karɓi fasfo ɗinmu, wai zai kai a buga hatimi. Ya ajiye mu a wani ɗaki kusa da tashar jiragen ruwa ya ce mu jira. Muna cikin jiran nan jandarmomi, 'yan sandan ƙasar, suka zo. Ba mu jin Faransanci, ba mu da takarda, ba mu san kowa ba. Daga ofishinsu aka zarce da mu gidan yari, babu wanda ya faɗa mana laifinmu ko ranar fita.

Abin da na fara gani shi ne gandirobobi a bakin ƙofa suke tsayawa. Ciki na fursunoni ne. Mutane sun yi wa ɗakunan yawa har sun cika tsakar gida, kowa ya kafa 'yar rumfa da buhu da leda. Akwai wani fursuna da ake kira Shef, shi ne mai mulkin wurin, yana da nasa 'yan sanda masu yawo da guntun tiyo a hannu. Shi ke raba wurin kwana. Mai 'yan'uwa a waje da ke kawo masa abinci yana samun ƙarƙashin kwano. Wanda ba shi da kowa, bakin kwatar da ke fitowa daga masai ake tura shi. Can aka tura mu. Abinci sau ɗaya ne a yini, masara da wake, ƙwarin ciki sun kusa fin waken yawa.

Muna zaune a bakin kwatar nan muna magana ƙasa-ƙasa, sai wani dattijo da ke ɗinkin takalmin taya ya ɗago kai.

Ya ce, "Hausa nake ji? Ku 'yan ina ne?"

Na ce, "Kafanchan, Baba."

Ya kalle mu. "Ni mutumin Jere ne, Garba sunana. Na ji labarin abin da aka yi a garinku bara."

Gabana ya faɗi, don na ga carbi a wuyansa, shi kuma ya ga gicciyen da ke wuyan Obi. Sai ya matsa gefe ya buɗe mana kwalin da yake zaune a kai.

"Ku hau nan, ƙasar akwai sanyi. A gidan nan duk abin ƙonawa an riga an ƙone shi."

Malam Garba falken goro ne. Wani abokin ciniki ya kai shi ƙara, aka kawo shi nan, aka manta da shi. Shi kansa ya daina lissafin damina nawa ya yi. Shi ya koya mana yadda ake bin layin ruwa ba a taka ƙafar wanda bai kamata ba, da yadda ake ɓoye takalmi a ƙarƙashin kai. In ya sayar da takalmi ya sayi rogo, kashi uku yake yi.

Da ruwa ya yi ƙarfi sai ciwo ya kama ni, zawo da zazzaɓi. Na kai ba na iya tashi, ruwan kwata yana bi ta ƙarƙashina. Malam Garba ya ce wa Obi in ba a ɗauke ni daga nan ba, ba zan ga ƙarshen damina ba. Obi ya je wurin Shef.

Ina kwance na ga komai, don da rana tsaka aka yi, a tsakar gida. Shef ya dubi Obi sama da ƙasa, ya ga kafaɗun mai ɗaga ƙarfe. Ya miƙa masa guntun tiyo, ya nuna masa wani sabon zuwa da ya ƙi ba da wandonsa. Obi ya daɗe a tsaye. Ya juyo ya kalle ni. Sannan ya je ya fara dukan mutumin, a hankali da farko, Shef ya ce wani abu, ya ƙara ƙarfi. Da aka gama ya zagaya bayan masai ya yi ta amai. Ran nan aka mayar da ni ƙarƙashin kwano, aka kawo mini kunu da ƙwayar magani.

Karo na biyu da aka ba shi tiyon bai yi amai ba. Kafin in warke sosai, in Obi ya taho mutane matsawa suke yi. Ya daina waƙa. Na taɓa buɗe baki zan yi masa magana, ya ce, "Ka sha kununka, Ishaya."

Malam Garba ya ƙi bin mu ƙarƙashin kwano, ya ce shi ba zai kwana a wurin da aka samu ta wannan hanya ba, amma bai daina raba rogo kashi uku ba. Tari ya kashe shi a ƙarshen damina. Ɗaya daga cikin ayyukan mutanen Shef shi ne kai gawa bakin ƙofa da safe, don haka Obi ne ya ɗauke shi. Babu likkafani. Obi ya cire rigarsa ya rufe masa fuska, gandiroba ya sa sanda ya ɗaga rigar ya duba, ya ce a ajiye shi can gefe. Bayan haka an daɗe ana kiran sunansa in ana ƙirga mu da safe, babu mai amsawa, sai a wuce zuwa na gaba. Bai taɓa ganin alƙali ba.

A gidan nan na ga yadda mutane ke fita su dawo. In aka saki mutum, ba a raba wurin kwanansa da sauri, don an san ba zai daɗe ba. Akwai wani da aka saka muna ciki, ya dawo, aka sake sakinsa, ya sake dawowa, ana yi masa tafi kamar wanda ya dawo daga biki. Ya shigo ne da satar kaza. Dawowarsa ta ƙarshe da bindiga aka kama shi, kuma a cikin gidan ya haɗu da waɗanda suka ba shi ita.

Wata sista 'yar Katolika da ke zuwa duba marasa lafiya ita ta yi ta zirga-zirga a kan waɗanda ba a tuhume su da komai ba, har aka sake mu bayan fiye da shekara. Muka koma bakin teku muna dakon buhunan koko. Na ce wa Obi mu nemi hanyar gida. Ya ce, "Mu koma mu ce wa Mama me? Ya sayar da tukwanensa ya sa mu a mota." Haka yake magana, irin Hausarmu ta Kafanchan da ba ta damu da mace ko namiji ba.

Muka ɓuya a cikin wani jirgin da ke ɗaukar koko zuwa Turai. Ba zan tsawaita a kan wannan ba. Duhu ne, da warin maganin ƙwari da aka fesa wa buhunan, da ƙishirwa. Da muka ga za mu mutu muka yi ta buga ƙarfe har ma'aikatan jirgin suka ji. Na zaci teku za su jefa mu, don mun sha jin haka. Kukunsu, wani gajeren mutum ɗan Filifin, ya zaunar da mu a kicin ya zuba mana shinkafa da kifi, ya tsaya a kanmu yana hana mu ci da sauri. Da jirgin ya tsaya a Holan, shi da wani suka ba mu rigunan sanyi irin nasu, suka sa mu a tsakiya muka fice ta ƙofar ma'aikata.

Wani ɗan Gana ya same mu a tashar jirgin ƙasa muna rawar sanyi. Ya ba mu katifa a ɗakin da mutane da yawa ke kwana bi da bi, ya samo mana aiki a wani sito da ake ɗaure furanni, da takardun wasu mutane. Albashin hannunsa yake shiga, ya ɗan yafa mana. Ban taɓa kewar gida irin ta lokacin ba. Ina ɗaure furen da ban san sunansa ba, hankalina yana kan tuwon acca da miyar karkashi. Rana ba ta fitowa, mutane ba sa gaisuwa a hanya.

Wata safiya 'yan sanda suka shigo siton. Ɗaya ya riƙe ni ta ƙeya, ba ma da ƙarfi ba. Kafin in juya na ji ƙara, sai ga ɗan sandan a ƙasa, jini na zuba daga bakinsa, Obi na tsaye a kansa yana kallon hannunsa kamar ba nasa ba ne. Ya karya masa muƙamuƙi.

Karo na farko ke nan da muka tsaya gaban alƙali. Aka ba kowannenmu lauya. Alƙalin ya tambayi Obi inda ya koyi irin wannan duka, Obi ya ba shi labarin Duwala, ya saurara har ƙarshe yana rubutu. Duk da haka ya ɗaure shi. Ni aka ba ni 'yan watanni saboda aiki da takardar wani, aka ce bayan haka za a tsare ni har a shirya mayar da mu gida.

Da gandiroba ya buɗe mini ɗaki, na ga gado da farin zani, da tebur, da rediyo, da masai mai ruwa, da taga. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira a gama da ofis a kai ni kurkuku. Ya ce da Turanci, "Nan ne ɗakinka, Mista Ishaya." Babu sanda a hannunsa. Ya rufe ƙofa. Na zauna a ƙasa, don ban yarda gadon nawa ba ne.

Kada wani ya ɗauka daɗi muka sha. A Duwala ba ka taɓa zama kai kaɗai, ko mutuwa za ka yi kafaɗar wani na jikin taka. A nan in aka rufe ƙofa babu abin da kake ji sai numfashinka. Duk abin da na gani a bakin kwata, a cikin shirun nan ya dawo mini, har muryar gandiroban da ke kiran sunan Malam Garba. Wani ɗan Maroko da ke ɗakin kusa da nawa, wanda kullum yake ba ni sukarinsa, wata rana aka fito da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya da wuyan hannu a naɗe da bandeji, bai dawo ba. Washegari an wanke ɗakin tas, an sa sabon zani.

Obi kuwa ya shiga wurin da halin Duwala. Yana ɓoye burodi a cikin safa alhali ana ba mu abinci sau uku. A filin shan iska ya nemi sanin wane ne Shef, aka ce babu, sai ya nemi ya zama. Ya ƙwace wa wani taba, ya shaƙe shi da bango. Na ce yau za su kashe shi. Ba su taɓa shi ba. Suka kai shi wani ɗaki da babu komai a ciki na 'yan kwanaki, daga nan aka haɗa shi da Madam Marika, matar da aikinta shi ne zama da fursunoni tana shirya su don ranar fita. Ta tambaye shi abin da hannunsa ya iya kafin duka. Ya ce mata gyaran jirgin ƙasa. Ta ce ba su da jirgi a gidan, amma suna da kekuna.

A ƙasar nan kowa keke yake hawa, har manyan ma'aikata. Gidan yarin yana da shagon gyara, wani tsoho mai suna Yan ke koyarwa. Ranar farko da Obi ya dawo daga shagon ya same ni a wurin cin abinci, ya zauna bai taɓa farantinsa ba.

Ya ce, "Ishaya, mutumin nan ya san abin da na yi wa ɗan sandansu."

Na ce, "Kowa ya sani."

"Ya ba ni sifana, babba, mai nauyi. Sai ya juya mini baya ya ci gaba da aikinsa."

Ya kalli tebur. Ya sake cewa, "Ya juya mini baya."

Daga nan ya fara sauyawa, ba a rana ɗaya ba. Burodin cikin safa ya ragu. Ya koyi ɗaure wayar ƙafar keke har Yan yana kiran sauran su zo su gani. Ran nan ina wucewa ta bakin shagon na ji wata waƙar cocinmu ta Hausa tana fitowa, ƙasa-ƙasa, tare da ƙarar guduma. Na tsaya a wajen ban shiga ba, don kada ya gan ni ya daina.

Na taɓa tambayar Madam Marika, Obi na zaune, me ya sa suke yi wa masu laifi haka. Na ce a ƙasarmu in aka ji ɓarawo na kwana a kan irin gadon nan, mutanen kirki za su yi layi a ɗaure su.

Ta ce, "Hukuncin shi ne ƙofar da aka rufe. Ba ma ƙara wani a kai. Kowa a nan zai fita wata rana ya zama maƙwabcin wani, wataƙila nawa."

Na ce, "To ba sa dawowa?"

"Suna dawowa, da yawa ma, musamman masu shan ƙwaya. Amma kafin mutum ya fita muna nema masa ɗaki da wurin aiki, da wanda zai riƙa duba shi. Wanda ya samu waɗannan ya fi wuyar dawowa. Abin da muke yi a cikin nan rabi ne kawai."

Obi ya ce, "Mu fa, Madam? Wa zai duba mu?"

Ta gyara takardun gabanta. Sannan ta ce, "Ku ba a nan za ku fita ba."

A 1992 aka sa mu a jirgin sama zuwa Legas. Obi ya dawo da satifiket na gyaran keke, da jakar fata cike da sifanu da Yan ya ba shi daga nasa.

Ni dawowata ba ta yi wuya ba. Baffana ya yanka mini gona a Godogodo. Dattawan coci suka tsayar da ni gaban jama'a ranar Lahadi, fasto ya ɗora mini hannu ya yi addu'a, magana ta ƙare. Shekara ba ta zagayo ba na auri Rifkatu. Obi kuwa ya tarar reluwe ta karɓe gidan kwatas, Mama tana ɗaki ɗaya a bayan kasuwa, jirgi sai a yi makonni bai shigo tasha ba.

Ya kafa aiki a gindin mangwaro kusa da kasuwa. Manoman citta da ke ɗora buhu a keke suka gane hannunsa, har daga ƙauyuka ake zuwa. Amma labari ya bazu cewa ya yi fursuna a Turai, kowa da abin da yake ƙarawa, wasu su ce hodar iblis, wasu su ce kisan kai. Ya nemi komawa kwaya, aka ce ya ɗan dakata tukuna. Aka fasa wani shago a kasuwa, 'yan sanda suka zo gindin mangwaro suka tafi da shi, ya kwana biyu a bayan kanta, aka sake shi. Aka sace babur, suka sake zuwa. A karo na uku suka haɗa da jakar sifanun, wai shaida ce, ba ta dawo ba. Kekunan mutane biyu da ya bari a wurin suka ɓace yana tsare. Daga nan manoman suka koma wurin wani.

Ya zo wurina a Godogodo, ya rame. Na kai shi gaban baffana na roƙa a ba shi ko kunya kaɗan ce ya noma.

Baffa ya ce, "Gona ba a ba baƙo, balle baƙon da ya yi fursuna."

Na ce, "Baba, ni ma na yi. Tare muka yi."

Ya ce, "Kai namu ne."

Na yi ta magana har rana ta yi sanyi, bai motsa ba, kuma ƙasar tasa ce. Obi ya yi dariya a hanyar tasha, ya ce dama shi da fartanya ba su saba ba. Bayan haka na ji ya koma wajen Maraban Rido. Sai kuma aka ce an kama shi da wasu da suka tare hanya kusa da Jere.

Na raka Mama duba shi a gidan yarin da aka kai shi, a nan jiharmu. Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ni, na kuwa san shi. Daga inda muke jira ina hango wata rumfa an rubuta wurin koyon kafinta, da kwaɗo a ƙofar ya yi tsatsa. Gandiroban ya ce babu katako, kuma ko akwai, masu jiran shari'a ba sa shiga, su ne kuma suka fi yawa a gidan. Da na faɗi sunan wanda muka zo gani sai fuskarsa ta saki.

"Oga Obi? Ai shi ne shugaban ɗakinsu. Yana taimakonmu ƙwarai. Tun da ya zo ba mu da matsala da ɗakin nan."

Aka fito da shi cikin riga mai tsabta. Waɗanda suka rako shi, ƙasusuwan wuyansu a waje, suka tsaya nesa da kai a sunkuye. Ya durƙusa ya gaida Mama da harshen Ibo, ta riƙe kansa tana kuka ba sauti. Da ta koma gefe tana buɗe kwanon abinci na matso.

Na ce, "Ɗan'uwa, ka yi abin da aka ce?"

Ya ce, "Sau uku suka kama ni ban yi komai ba. Na huɗun na ce bari in ba su gaskiya."

"Za mu nemi lauya."

"Ka bar wahala. Fita in je ina?" Ya yi tari, ya goge baki da bayan hannu. "A nan in na yi magana ana ji, Ishaya."

Na ci gaba da zuwa bayan kowane girbi. Ba a taɓa kai shi kotu an gama ba, kullum sai a ce babu motar kai su, ko alƙali ya yi tafiya. Tarin ya ci gaba da cinsa har rigar ta yi masa yawa. Ya rasu a 1997 yana jiran shari'a. Muka binne shi a Kafanchan kusa da babansa, 'yan kwaya suka zo suka yi waƙa. Bayan haka dangi suka zo suka tafi da Mama gabas.

Shekara ta zagayo, baffana ma ya rasu, gonar ta dawo hannuna. Wata rana ina gyaran rumbu sai ga wani mutum a ƙofar gida, zai kai shekara arba'in, da 'yar leda a hannu. Ya ce sunansa Tanko, makon nan aka sake shi, garinsu babu wanda zai karɓe shi.

"Oga Obi ya ce in na fita in nemi Ishaya a Godogodo."

Na ce, "Abokinka ne?"

Ya juya ya ɗaga rigarsa. Bayansa duk tabo ne, layi-layi. "Shi ya yi mini wannan ranar da na shiga." Ya sauke rigar. "Shi ne kuma ya ba ni wurin kwanansa da na yi ciwo, yana ba ni abinci a baki. Ban san me zan ce maka ba, maigida."

Rifkatu ta ja ni ɗaki ta ce muna da yara ƙanana, ba mu san abin da ya kai shi can ba. Gaskiya ta faɗa. Na ba shi ɗakin da muke ajiye citta, na yanka masa gefen gona ta wajen rafi. Yana fita kafin kowa, ba ya shiga sabgar mutane, in an ba shi tuwo sai ya juya fuska bango yake ci.

Ana cikin girbi akuyar maƙwabcinmu ta ɓace. Da safe na ji hayaniya, na fito na tarar da mai unguwa da mai akuyar da samari masu sanduna. Tanko yana cikin ɗakin citta, na ji ya saka sakata.

Mai unguwa ya ce, "Ishaya, ba da kai muke ba. Fito mana da baƙonka mu tambaye shi."

Na je na tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Na ce, "Ku tambaye ni. Jiya tun safe har dare muna tare."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Wanda zai shiga ɗakin nan sai ya fara da ni."

Suka daɗe suna kallona, mutanen da muka yi wasan ƙasa tare. Daga baya mai unguwa ya juya, sauran suka bi shi suna gunaguni. Mai akuyar bai sake gaishe ni ba har ya mutu.

Ba mu yini tare ba ran nan, ni kasuwar Kafanchan na je. Akuyar ba a gan ta ba. Tanko yana nan har yanzu a gefen rafi, ya yi aure, citta tasa ta fi tawa kyau. Ban san ko shi ya ɗauka ba, kuma ban taɓa tambayarsa ba.